GCC da Raya Harsunan Kwamfuta a kan Linux

GCC, wato GNU Compiler Collection, tarin manhajoji ne da ke karɓar umarnin da mutum ya rubuta da harshen kwamfuta su juya shi zuwa harshen inji, wanda furosesa, wato ɓangaren kwamfuta da ke yin lissafi, ke iya aiwatarwa. Masu sana'ar suna kiran irin wannan manhaja kompaila. Da GCC ake gina zuciyar Linux, wato tushen babbar manhajar sarrafa kwamfuta mai wannan suna, da galibin manhajojin nau'o'inta irin su Debian, Fedora da Ubuntu. Ana rarraba shi a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar karanta rubutunsa, ya gyara, ya raba.

Asali

A watan Satumba na 1983 Richard Stallman ya sanar da shirin GNU a Amurka, da nufin gina babbar manhajar sarrafa kwamfuta irin Unix wadda babu kamfanin da zai riƙe makullinta. Wannan buri ba zai cika ba sai da kompaila, a lokacin kuwa masu kyau na sayarwa ne. Stallman ya fara neman izinin amfani da wani da Andrew Tanenbaum ya rubuta a Amsterdam, bai samu ba. Ya koma ga na harshen Pastel daga cibiyar bincike ta Lawrence Livermore, sai ya tarar yana cin ƙwaƙwalwar ajiya fiye da abin da kwamfutocin Motorola 68000 na lokacin ke iya bayarwa. Daga nan ya rubuta nasa tun daga tushe, tare da gudummawar Len Tower da wasu. An saki bugun farko a 1987, harshen C kaɗai yake fahimta. Wajen ƙarshen wannan shekara Michael Tiemann ya ƙara masa C++.

Da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya sanar da aikinsa a watan Agusta na 1991, ya ambaci cewa ya riga ya sa bash (manhajar karɓar umarni) da GCC 1.40 suna aiki a kan sabon tsarin. Abin lura ne cewa kompailan ya girmi Linux da shekara huɗu. Linux ya zo ne ya tarar da kayan aiki a shirye.

Rabuwa da haɗewa

A tsakiyar shekarun 1990 masu ba da gudummawa suka fara ƙorafin cewa gyare-gyarensu na daɗewa ba a karɓa ba. A 1997 wasu daga cikinsu, da goyon bayan kamfanin Cygnus, suka ɓalle da reshen da suka kira EGCS, suka tattara gyare-gyaren da suka warwatsu a hannun mutane. Reshen ya fi uwar saurin ci gaba, har a Afrilun 1999 gidauniyar Free Software Foundation, mai kula da shirin GNU, ta amince ya zama shi ne GCC na hukuma, a hannun kwamitin gudanarwa. A lokacin ne aikin ya ɗauki cikakken sunansa na yanzu, GNU Compiler Collection, bugu na 2.95 kuma ya fito a Yulin shekarar. Ba kasafai irin wannan rigima ke ƙarewa da sulhu ba.

Yadda yake karɓar sabon harshe

Ginin GCC kashi uku ne. Sashen gaba yana karanta harshe guda, ya mayar da shi wata siffa ta bai-ɗaya. Sashen tsakiya yana tace wannan siffa, mai suna GIMPLE, domin manhaja ta yi sauri ko ta rage nauyi. Sashen baya yana fitar da umarni ga takamaiman furosesa, kamar x86, ARM ko RISC-V. Saboda haka mai ƙirƙirar harshe sashen gaba kawai zai rubuta, ya gaji sauran aikin shekaru da dama.

Ta wannan ƙofa harshen Objective-C ya shigo daga kamfanin NeXT, wanda sharuɗɗan GPL suka sa ya saki rubutunsa. Ada ya zo ta aikin GNAT da aka faro a Jami'ar New York da kuɗin rundunar sojin saman Amurka. An maye g77, tsohon sashen gaba na harshen Fortran, da gfortran a bugu na 4.0 a 2005. Go ya shiga a 2011, D a 2019, Modula-2 a 2023, COBOL kuma a 2025. Java ya yi zamansa, aka cire shi a 2017 bayan masu kula da shi sun yi ƙaranci.

Saɓani kan lasisi

A 2007 GCC ya koma bugu na uku na GPL. Apple ya tsaya a bugu na 4.2.1, ya zuba ƙarfinsa a wani kompaila mai suna Clang da LLVM, tushen da aka gina shi a kai. FreeBSD, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta irin Unix, ita ma ta koma Clang a 2014. Masu suka suna cewa tsantseni kan lasisi ya hana wasu manhajoji amfani da sassan GCC, magoya baya kuwa suna cewa shi ya tilasta kamfanoni mayar da gyaransu ga jama'a.

Halin yanzu

Ana fitar da babban bugu sau ɗaya a shekara. Zuciyar Linux tana ginuwa da GCC ko Clang. Tun bugunta na 6.1 a 2022 ta fara karɓar harshen Rust, wanda babban kompailansa ya dogara da LLVM, ana kuma aikin rubuta masa sashen gaba a GCC mai suna gccrs.