Waiwaye: Yadda Mahaɗi Ya Samu Suna a Cikin XML

Har yau masu gina manhajojin da ke magana da juna ta intanet suna ja-in-ja a kan abu ɗaya: manhaja ta haddace adireshin kowane abu, ko kuwa sabar ta riƙa nuna mata inda za ta nufa a cikin kowace amsa? Gardamar ta daɗe, ta ma girmi wasu masu yinta.

XML, tsarin rubuta bayanai yadda na'ura za ta karanta, ya fito a 1998 ba tare da hanyar nuna mahaɗi (link) ba. A HTML, harshen shafukan intanet, kowace burauza ta san href adireshi ne, amma a XML na'ura ba ta bambance adireshi da sauran rubutu. XLink, ƙa'idar sa mahaɗi a XML, ya zo a 2001 da sifofi goma, ya samu gindin zama a SVG (tsarin zane) da XBRL (tsarin rahoton kuɗi), sai dai masu hidimomin intanet sun ga ya yi nauyi. A ɓangaren SOAP kuwa, wato hanyar aika saƙon XML tsakanin manhajoji, takardar bayanin hidima ta WSDL tana rubuta adireshin tun kafin a fara aiki, kuma aka rufe babban rumbun UDDI na jama'a, inda ake neman hidimomi, a 2006.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne Disamba 2005, lokacin da aka fitar da tsarin Atom, wanda aka gina kan XML, a takardar ƙa'ida ta RFC 4287. An yi shi ne don kanun labarai, shi ya sa da yawa suka raina shi. Amma a cikinsa akwai link mai href na adireshi, da type na nau'in abin da za a tarar, da rel mai faɗin alaƙar. An fara da sunaye biyar: alternate, related, self, enclosure da via, aka buɗe musu rajista a IANA, hukumar da ke adana sunayen ƙa'idojin intanet. Idan babu rel, ana ɗaukarsa alternate. Mai son sabuwar alaƙa ko dai ya yi mata rajista, ko ya sa mata cikakken URI, wato suna mai siffar adireshi, don kada ta yi karo da ta wani. A ganina nan ne aka gano bakin zaren, domin abin da manhaja ke buƙata shi ne suna ɗaya da kowa ya yarda da ma'anarsa.

A 2007 AtomPub, ƙa'idar wallafawa da Atom, ya ƙara edit: manhaja ta aika POST don ƙirƙirar sabon abu, sabar ta amsa da 201, wato an ƙirƙira, da sabon adireshi, sannan gyara ko gogewa su bi mahaɗin edit. RFC 5988 na 2010 ya buɗe rajistar ga kowane tsari, RFC 8288 ya gaje shi a 2017.

Inda aiki ke lalacewa a yau sananne ne. Wani ya ga page=2 a mahaɗin next mai kaiwa shafi na gaba, sai ya riƙa ƙara lamba da kansa, ranar da sabar ta canja tsarin shafuka manhajarsa ta tsaya cik. Wani kuma ya rubuta guntun adireshi ba tare da xml:base mai nuna tushen adireshin ba, da an kwafi takardar zuwa wani wuri sai mahaɗin ya nuna inda babu komai.