Daidaita giyar inabi da sanyi

Daidaita giyar inabi da sanyi wata dabara ce da masu haɗa giyar inabi a gida suke amfani da ita, musamman a Turai da Amurka ta Arewa. Ana sanyaya giyar sosai kafin a ɗura ta a kwalba, domin wani gishiri da ke narke a cikinta ya fito ya kwanta tun tana cikin tulu.

Asalin gishirin daga inabi ne kansa. A cikin 'ya'yan inabi akwai sinadarin tsami da ake kira tartarik asid, akwai kuma fotasiyam, kuma idan suka haɗu sai su zama gishirin fotasiyam bitartaret. Wannan gishiri yana narkewa a ruwan inabi, amma da zarar barasa ta samu, ko sanyi ya kama, sai ya daskare ya zama ƙwayoyi masu ƙyalli a gindin kwalba ko a jikin abin toshe ta. Jamusawa suna ce musu dutsen giya, masu jin Ingilishi kuma lu'ulu'un giya. Ba sa cutarwa, sai dai wanda bai sani ba zai ɗauka ɓarɓashin gilashi ne, shi ya sa aka fi damuwa da su a farar giya, wadda ake sa wa a firij kuma ake ganin cikinta tas.

Ana yin aikin ne bayan giyar ta gama tsimuwa ta kuma washe. Sai a ajiye tulun a sanyin da ya kai digiri 0 zuwa 4 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, na tsawon mako biyu zuwa uku. Wasu tsohon firij suke keɓewa, mazauna ƙasashen sanyi kuma su fitar da tulun gareji a tsakiyar hunturu. A nan ake bukatar lura, domin giya mai barasa kashi 12 cikin 100 tana fara ƙanƙara a wajajen digiri 5 zuwa 6 ƙasa da sifili, kuma ƙanƙara na iya fasa tulun gilashi. Mai son sauri yakan zuba garin wannan gishiri, kimanin giram 4 a kowace lita, ya riƙa motsawa, sai narkakken gishirin ya taru a kan garin ya kwanta.

Matakin da aka fi yin kuskure a kansa shi ne juyewa. Dole a zuƙe giyar da tiyo zuwa wani tulu tun tana da sanyinta, don in ta ɗumama wani ɓangare na gishirin zai sake narkewa, wahalar ta tashi a banza. Ana kuma yin juyewar a hankali, ba tare da fantsama ba, saboda ruwa mai sanyi ya fi shan iskar oksijin, ita kuwa tana ɓata launi da ƙamshi.

Tsamin giyar yana ɗan raguwa bayan haka, abin da ke amfanar masu inabin yankunan sanyi, wanda yakan yi tsami da yawa. Dabarar ba ta yi wa wani gishirin daban da ke cikin giyar, mai suna kalsiyam tartaret, wani tasiri sosai, don haka shi yana iya fitowa daga baya.

Ɓawon gishirin fotasiyam bitartaret da ke manne wa gangunan giya, idan aka tace shi, shi ne farin garin da ke shiga wasu nau'o'in bekin foda. Daga cikin wannan ɓawo ne Carl Wilhelm Scheele, masanin sinadarai na ƙasar Suwidin, ya ware tartarik asid a 1769.