Shugabancin Ikilisiya a Addinin Kirista

Shugabancin ikilisiya shi ne tsarin da Kiristoci ke bi wajen ɗora wa wasu daga cikinsu nauyin koyarwa, jagorancin sujada da kula da rayuwar masu bi. Ɗaya daga cikin sunayen da aka ba wannan aiki a Sabon Alkawari shi ne kiwo. A Yahaya sura 21, sau uku Yesu ya tambayi Bitrus ko yana ƙaunarsa, kuma duk amsar da ya bayar sai ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Daga nan ne kalmar "fasto" ta samo asali, domin ma'anarta a Latin makiyayi.

Asalin muƙamai

Muƙami na farko da aka ba da labarin kafuwarsa dalla-dalla ya taso ne daga rigimar abinci. Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna cewa a Urushalima masu bi da ke jin Helenanci sun yi gunaguni, suna cewa ana tsallake matansu da mazansu suka rasu a rabon abincin kullum. Manzanni suka ce bai dace su bar wa'azi su koma rabon abinci ba, sai suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas da Filibus, suka yi musu addu'a suka ɗora musu hannu. Dukan bakwai ɗin sunayensu na Helenanci ne, abin da ya sa masana da yawa ke ganin an miƙa aikin ne ga ɓangaren da ya kawo kuka. Al'adar ikilisiya tana ɗaukar wannan a matsayin tushen muƙamin dikon, wato mai hidima.

Sauran muƙamai biyu su ne dattijo da mai kula, wanda daga sunansa na Helenanci aka sami kalmar "bishop". A zamanin manzanni ba a raba su sosai ba. Sa'ad da Bulus ya kira dattawan Afisa zuwa Militas don yin ban kwana, a Ayyukan Manzanni sura 20, su ɗin dai ya kira masu kula da garke. Amma wajen shekara ta 110, wasiƙun Ignatiyus, bishop na Antakiya, sun nuna tsari mai hawa uku: bishop ɗaya a kan ikilisiyar birni, dattawa kewaye da shi, dikononi suna taimakonsa. Majalisar Nikiya, wato babban taron bishop-bishop na shekarar 325, ta tabbatar da fifikon bishop-bishop na Iskandariya da Roma da Antakiya a yankunansu.

Sharuɗɗan shugaba

Inda aka fi komawa idan ana maganar cancanta shi ne 1 Timoti sura 3 da Titus sura 1. Abin lura a wurin shi ne kusan duk sharuɗɗan na hali ne. Ana son mutum marar abin zargi, mijin mace ɗaya, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, wanda ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai son kuɗi ba. Gwaninta guda ce aka ambata, wato iya koyarwa. Ba a ce komai a kan zaƙin murya ko iya tara jama'a ba, ko da yake a aikace su ne sukan ja hankalin masu zaɓe. An kuma ce a dubi gidansa, don wanda ya kasa riƙe iyalinsa ba zai iya riƙe ikilisiyar Allah ba. Har ma shaidar waɗanda ba Kirista ba an sa ta cikin ma'auni.

Akwai kuma sharaɗin kada ya zama sabon tuba, gudun kada girman kai ya kama shi. Tarihi bai bi wannan sau da ƙafa ba. A shekarar 374 kujerar bishop na Milan ta zama fanko, ɓangarori biyu suka ja daga a kan wanda zai hau. Gwamnan yankin, Ambros, ya shiga majami'a don ya kwantar da tarzoma, sai taron ya ɗauki kiran sunansa. Ko baftisma ba a yi masa ba a lokacin. Ya yi ta zillewa, daga baya ya amince, aka yi masa baftisma, aka naɗa shi bishop bayan mako guda. Ya rabar da dukiyarsa, ya duƙufa ga karatun Littafi Mai Tsarki, kuma shi ne ya yi wa Agustin, wanda daga baya ya zama bishop na Hippo a Arewacin Afirka, baftisma a shekarar 387.

Idan shugaba ya faɗi

Tambayar da ta fi ci wa ikilisiya tuwo a ƙwarya ita ce matsayin aikin shugaban da ya yi abin kunya. A tsanantawar da Sarkin Daular Roma Diyokletiyan ya fara a shekarar 303, wasu limamai sun miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma don su tsira da ransu. Da ƙura ta lafa, wani ɓangare a Arewacin Afirka, mabiya Donatus, suka ce baftisma da naɗin da irin waɗannan mutane suka yi ba su da inganci. Rikicin ya wuce shekara ɗari. Agustin, bishop na Hippo, ya amsa da cewa mai yin baftisma na ainihi Almasihu ne, limami kuwa hannu ne kawai, don haka zunubinsa ba ya ɓata abin da mai bi ya karɓa. Mafi yawan ikilisiyoyi sun tsaya a kan wannan. Amsar ta kwantar da hankalin masu bi, sai dai ba ta wanke shugaban daga horo ba, domin 1 Timoti sura 5 ta ce a karɓi ƙara a kan dattijo idan akwai shaidu biyu ko uku, a kuma tsawata wa mai laifi a gaban kowa.

Tsare-tsaren da ake bi a yau

Katolika da Otodoks da Angilika sun riƙe mulkin bishop, suna ganin naɗinsu sarƙa ce da ta taho tun daga manzanni. A Katolika, kadina-kadina, wato manyan limamai masu ba Paparoma shawara, waɗanda ba su kai shekara 80 ba ne ke zaɓen Paparoma, kuma sai mutum ya sami kashi biyu bisa uku na ƙuri'u. Bayan gyaran da Martin Luther ya fara a 1517, aka ƙarfafa koyarwar cewa kowane mai bi firist ne a gaban Allah. John Calvin ya tsara ikilisiyar Janiba a 1541 da muƙamai huɗu, wato fasto, malami, dattijo da dikon, kuma daga nan tsarin mulkin dattawa ya bazu. 'Yan Baftis sun bar ikon a hannun taron kowace ikilisiya, ita ke kiran fastonta, ita ke sallamarsa. A ikilisiyoyin Fentikos da dama kuwa, iko yakan taru a hannun wanda ya kafa, abin da ke sa aiki saurin tafiya, amma yakan bar babbar matsala ranar da za a nemi magaji.

Batun aure ma ya raba su. Majalisar Lateran ta biyu a 1139 ta soke ingancin auren limamai a ikilisiyar Yammaci, wato Katolika. Otodoks suna naɗa mai aure firist, amma bishop sai marar aure. A kan naɗa mata, masu goyon baya suna kawo Fibi, wadda Bulus ya kira mai hidimar ikilisiyar Kankiriya a Romawa sura 16, masu adawa kuma suna kawo 1 Timoti sura 2. Cocin Ingila ya fara naɗa mata firistoci a 1994, shekarar da Paparoma John Paul na Biyu ya bayyana cewa Katolika ba ta da ikon yin haka.

Aikin yau da kullum

Abin da jama'a ke gani shi ne wa'azin Lahadi, amma yawancin aikin a sauran kwanaki shida yake: ziyarar marasa lafiya, sulhunta ma'aurata, jana'iza, shirya masu neman baftisma, da lissafin baiko, wato kyautar da masu bi ke bayarwa. Giregori Babba, wanda ya yi Paparoma daga 590 zuwa 604, ya rubuta littafi a kan aikin kiwo inda ya nuna cewa gargaɗi ɗaya ba ya yi wa kowa, domin maganar da za ta ɗaga mai baƙin ciki ita ce za ta ƙara wa mai girman kai kumburi. Shi ne kuma ya yi fice da kiran kansa "bawan bayin Allah", laƙabin da Paparomomi ke sawa a manyan takardunsu har yanzu.