Salon progressive metal a jita mai lantarki

Progressive metal reshe ne na kiɗan metal, wato kiɗan rock mai ƙarfin sauti, da ya haɗa ƙarar jita mai kauri da dogayen waƙoƙi masu yawan sauya awon kiɗa. Ana buga shi da jita mai tsirkiya 6, 7 ko 8.

Tarihi

Salon ya fara bayyana a Amurka wajen tsakiyar shekarun 1980, ko da yake tushensa na komawa ga ƙungiyoyin shekarun 1970 irin su Rush ta Kanada da King Crimson ta Ingila. Ƙungiyoyin Queensrÿche da Fates Warning na cikin na farko. A 1985 makaɗin jita John Petrucci da abokan karatunsa a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston suka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Dream Theater, kuma faifansu na 1992, Images and Words, shi ya kai salon ga kunnen jama'a da yawa.

Kamfanin Ibanez ya fitar da jita mai tsirkiya 7 a 1990 tare da makaɗin jita Steve Vai. Ƙungiyar Meshuggah, wadda aka kafa a garin Umeå na Suwidin a 1987, ta koma mai 8 a farkon shekarun 2000, sautin ya ƙara nutsewa ƙasa. Daga bugunta aka samu abin da ake kira djent, wato bugun tsirkiyoyin ƙasa da sauti dannanne mai kauri. Masu kiɗa ba su daidaita ba kan ko salo ne mai zaman kansa. Tosin Abasi, wanda aka haifa a Amurka kuma iyayensa 'yan Najeriya ne, ya fitar da faifan farko na ƙungiyarsa Animals as Leaders a 2009.

Hannun dama

Mafari shi ne kaɗa tsirkiya ƙasa da sama bi da bi, da fik, wato ɗan falle da ake kaɗa tsirkiya da shi, mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5, domin siriri yana lanƙwashewa ya makara. Ana saita metronom, wato na'urar ƙirga bugu, a bugu 60 cikin minti, sauti 4 a kowane bugu, kuma ba a ƙara gudu sai jerin ya fita tsaf sau da dama a jere, sannan a ƙara bugu 4 ko 5. Motsin daga wuyan hannu yake fitowa. Mai bugawa da gwiwar hannu yakan sandare, hannayensa biyu su daina haɗuwa a kan sauti ɗaya.

Don danne sauti, gefen tafin hannu yana kwanciya daidai inda tsirkiyoyi suka hau gadar jita. In ya matso gaba sautin ya mutu, in ya ja baya dannewar ta ɓace. A shara kuwa, wato wucewa kan tsirkiyoyi da jan fik ɗaya, dole kowane yatsan hagu ya saki da zarar sautinsa ya fita, in ba haka ba duk su cakuɗe.

Awon kiɗa

Nan ne ainihin wahalar salon. Awon 7/8, wato bugu bakwai a kowane zagaye, ana ƙirga shi 2+2+3: ɗaya-biyu, ɗaya-biyu, ɗaya-biyu-uku, da baki da tafi kafin a taɓa jita. Idan jita na maimaita jeri mai sauti 7 a kan ganga mai tafiya 8, sai bayan sauti 56 za su sake haɗuwa, wato jita ta zagayo sau 8, ganga sau 7. Kunnen da ya saba da yadda kalangu ke ratsa bugun ganga yakan kama wannan da wuri.

Kaya da yanayin Zariya

Jita mai tsirkiya 7 tana ƙara tsirkiya mai kauri da ke ba da sautin B na ƙasa, mai 8 kuma ta ƙara wata mai sautin F#, wanda ya fi shi ƙasa. Cika ƙarfin murɗa sauti a amfilifaya yana ɓoye kuskure, don haka ya fi kyau a yi atisaye da sauti tsabtatacce.

A Zariya, inda aka fi ganin jita mai lantarki a majami'un Sabon Gari da Wusasa, hunturu na busar da katakon wuyan jita har bakin ƙarafan firet, wato waɗanda aka jera a kan wuyan, ya fito yana yankar yatsa, wuyan kuma ya lanƙwashe, tsirkiya ta riƙa gurzarsu. Ana gyara lanƙwasar wuyan da sandar ƙarfen da ke cikinsa, kwata na juyi a lokaci guda, a bar shi ya kwana. Gurnanin da ake ji a lasifika, musamman da wutar janareta, yawanci daga soket marar wayar ƙasa yake fitowa.