Waiwaye: Yadda Zance Ya Shiga Jinyar Ƙwaƙwalwa

Shekara ɗari biyu da 'yan kai da suka wuce, mai taɓin hankali a Turai ba a tambayarsa me ke damunsa, ɗaure shi ake yi. A shekarun 1790 ne likita Philippe Pinel da Jean-Baptiste Pussin, mai kula da majinyata, suka soma kwance musu sarƙa a asibitocin Paris. Pinel kan zauna da su yana rubuta abin da suke faɗa, kuma a lokacin wannan baƙon abu ne.

Zaman mutum ɗaya da likitansa, kamar yadda muka san shi yau, daga Vienna ya taso. Tsakanin 1880 da 1882 Josef Breuer ya yi jinyar wata budurwa, Bertha Pappenheim, wadda ciwo ya kama tana jinyar mahaifinta. Ta lura cewa in ta amayar da abin da ke ranta takan samu sauƙi. Ba ta warke a hannun Breuer ba, sai da aka kwantar da ita a wani asibitin, amma a kan labarinta Sigmund Freud ya ɗora ginin nasa tsarin: majinyaci ya kishingiɗa, likita ya zauna ta bayan kansa, sau da yawa a mako, shekara da shekaru. Sai mai hannu da shuni. A shekarun 1960 Aaron Beck a Amurka ya zo da gajeriyar hanya. Mai ciwon damuwa zai rubuta tunanin da ke faɗo masa, irin su "ba ni da amfani", su zauna da mai ba shi shawara su auna ko akwai hujja. Cikin 'yan watanni ake kammalawa, shi ya sa asibitoci suka rungume ta.

Zaman taro kuwa larura ce ta haife shi. A 1905 Joseph Pratt, likita a Boston, ya tara talakawa masu tarin fuka da ba su da kuɗin kwanciya asibiti, yana koya musu kula da kansu. Sai ya ga ashe ganin juna ma yana ƙara musu ƙarfin gwiwa. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin da suka firgita sun yi wa likitoci yawa, don haka a asibitin Northfield na Birmingham aka koma ganin su rukuni-rukuni.

Amma a ganina babban sauyin a 1935 ya faru, a garin Akron na jihar Ohio. Bill Wilson, mashayin da ya daina sha, ya je harkar kasuwanci ta watse, sha'awar giya ta taso masa, sai ya nemi wani mashayi ɗan'uwansa da zai yi wa magana. Aka haɗa shi da Bob Smith. Smith likitan tiyata ne, amma ba a matsayin likita ya zauna ba. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ta masu son daina shan giya, ta samo asali, kuma yawancin ƙungiyoyin taimakon juna salonta suka ɗauka: a zauna, kowa ya faɗi nasa, abin da aka faɗa ya tsaya a ɗakin.

Labarin masu otizim, yanayin ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda mutum ke magana da mu'amala da mutane, ya fi ɗaci. Bayan likita Leo Kanner ya bayyana wannan yanayi a jikin yara 11 a 1943, an daɗe ana ɗora wa uwaye laifi, wai rashin nuna ƙauna ne ya jawo. Iyaye suka gaji. A 1962 wasunsu, ciki har da likita Lorna Wing, suka kafa ƙungiya a Landan, a 1965 Bernard Rimland ya jagoranci kafa irinta a Amurka. Sun wanke uwaye, sun nemo makarantu. Sai dai har lokacin ana magana ne a madadin masu abin.

Sai a 1992 Jim Sinclair da wasu masu otizim suka kafa tasu, Autism Network International. Shekara guda bayan haka, a wani taro a Toronto, Sinclair ya ce wa iyaye su daina makoki kamar an yi musu rasuwa alhali ɗan yana gabansu. Intanet ta taimaka, don rubutu ya fi wa da yawansu sauƙi a kan haɗa ido. A taronsu na Autreat, da aka fara a 1996, mai so kan rataya kati: kore na nufin zo mu yi hira, rawaya sai wanda na sani, ja a bar ni tukuna. A irin waɗannan zaurukan ra'ayin ya yi ƙarfi cewa ƙwaƙwalwa iri-iri ce, ba kowane bambanci ne ciwon da za a kawar ba, daga baya masu matsalar tara hankali da masu wahalar karatu suka shigo ciki.

Ba kowa ya gamsu ba. Iyayen yaran da ba sa magana, masu buƙatar kulawa dare da rana, suna cewa waɗanda ke iya tsayawa a taro su yi jawabi ba su san halin 'ya'yansu ba. Masu fafutukar kuma suna amsawa cewa rashin magana da baki ba rashin abin faɗa ba ne, a ba yaron allon hotuna ko na'urar rubutu a gani. Har yanzu ana wannan ja-in-ja.