Ɗan wasa da siyasa: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Duk lokacin da wani ɗan ƙwallo ya ɗaga riga a Turai ko ya rubuta wani abu a Facebook, sai tambayoyi iri ɗaya su dawo, daga matasan da ke zaman fada a unguwannin Yamai har zuwa iyayen yaran da ke atisaye a kusa da filin wasa na Janar Seyni Kountché. Na tattara su a nan domin wanda ya sake tambaya a miƙa masa wannan rubutu.

Ba an ce kada a haɗa wasa da siyasa ba?

An ce, amma ba a taɓa raba su ba. Nijar kanta ta ƙaurace wa gasar Olamfik ta Montreal a 1976 tare da ƙasashen Afirka fiye da ashirin, saboda an ƙi korar New Zealand, wadda ƴan wasanta na rugby suka je wasa Afirka ta Kudu a zamanin wariyar launin fata. A gida kuwa, ku dubi ƙungiyoyin gasar ƙwallonmu: akwai ta soja, ta ƴan sanda, ta jandarma da ta duwan. Gasar takobin kokowa da aka fara a Tawa a 1975, hukuma ce ta kafa ta domin haɗa kan jihohi, kuma har yau hukuma ce ke miƙa takobin.

To, doka ta hana ɗan wasa magana?

A cikin fili ta hana. Doka ta 4 ta ƙwallon ƙafa ta haramta saƙon siyasa ko na addini a jikin kayan wasa, sashe na 50 na kundin Olamfik kuma ya hana irin wannan a wuraren gasa. A wajen fili, abin da ke ɗaure ɗan wasa shi ne takardar da ya sa wa hannu.

Amma ai Muhammad Ali ya yi, kuma duniya ta yaba masa.

Ta yaba masa daga baya, kuma wannan ne kuke tsallakewa kullum. Da ya ƙi shiga soja a 1967 lokacin yaƙin Biyetnam, an ƙwace kambunsa, ya yi fiye da shekara uku bai hau dandalin dambe ba a lokacin da ƙarfinsa ke kan ganiya, sai a 1971 kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncin da aka yanke masa. Tommie Smith da John Carlos, ƴan tseren Amurka da suka ɗaga dunƙulen hannu don nuna adawa da wariyar launin fata a gasar Olamfik ta Meziko a 1968, korarsu aka yi daga masaukin ƴan wasa. Colin Kaepernick, ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, ya durƙusa lokacin taken ƙasa a 2016 kan yadda ake gallaza wa baƙar fata, kuma tun da kakar ta ƙare babu ƙungiyar da ta sake ɗaukarsa. Kuna son hotunansu, amma ba ku son jin abin da suka biya.

Ɗana ya samu ƙungiya a waje, amma rigarsu na ɗauke da tallan kamfanin caca. Ya sa, ko ya ƙi?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, Alhaji, kuma ba ni da amsa guda da za ta dace da kowane yaro. Hukuncin addini na malamai ne, a je a tambaye su, a kuma gaya musu yadda lamarin yake dalla-dalla, domin sa riga a fili daban ne da fitowa a talabijin ana kiran mutane su yi caca. Abin da zan iya bayarwa shi ne yadda ta kaya da waɗanda suka riga shi. Frédéric Kanouté ɗan Mali ya ƙi tallan kamfanin caca da ke rigar Sevilla, har ya riƙa rufe shi, daga baya suka daidaita ya koma sa rigar. Papiss Cissé ɗan Senegal ya ƙi tallan kamfanin bashi da ruwa a Newcastle a 2013, shi ma bayan tattaunawa ya amince. Dukansu biyu manyan maciya raga ne waɗanda ƙungiya ba ta son rasawa, saboda haka aka saurare su. Yaro mai shekara goma sha tara da ya sauka daga Yamai jiya, wanda takardar zamansa ke rataye da kwantaraginsa, ba shi da wannan ƙarfin, kuma duk wanda ya ce masa yana da shi yaudararsa yake yi.

Shawarata, in za a ɗauka, ita ce a tayar da maganar kafin a sa hannu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A nemi wanda ya san doka, ba dillalin da ke jiran kasonsa ba, ya karanta sashen da ya shafi talla da amfani da hoton ɗan wasa, da sashen da ya shafi abin da yake rubutawa a intanet. Wata ƙungiyar za ta yarda ta cire shi daga tallan talabijin ko da ba ta canja riga ba, wata kuma za ta janye tayin nan take, kuma dole iyali su san tun farko ko za su iya jure hakan. Haka nan ba caca kaɗai ba ce: a Faransa akwai ranar da ake sa lamba mai launin bakan gizo domin goyon bayan masu neman jinsi ɗaya, kuma a 2022 Idrissa Gueye bai buga wasan PSG na wannan ranar ba, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa. Gara yaro ya san da wannan ranar tun yana gida. Idan kuma ya riga ya sa hannu, kada ya yi gaban kansa ya liƙa wani abu a riga ranar wasa. Ya samu mai horarwa a keɓe, ya kuma nemi ƙungiyar ƙwadagon ƴan wasa ta ƙasar. Ko kotu ma takan yi amfani: Mainz ta Jamus ta sallami Anwar El Ghazi a 2023 kan abin da ya rubuta game da Gaza, kotun ma'aikata ta ce sallamar ba ta kan ƙa'ida a 2024. Sai dai watanni ya yi ba ya wasa, kuma yana da abin biyan lauya. Ku kwantar da hankalinku, yawancin irin wannan rikici a ofis yake ƙarewa ba tare da jarida ta ji ba.

Ba son kai ake yi ba? An hukunta masu maganar Falasɗinu, an bar wasu.

Ana yi. Mohamed Aboutrika ɗan Masar ya samu katin gargaɗi a gasar kofin Afirka ta 2008 a Gana saboda rigar tausaya wa Gaza, an ci Kanouté tara a 2009 kan rigar Falasɗinu, alhali a 2020 ƴan wasan Ingila sun riƙa durƙusawa don adawa da wariyar launin fata da amincewar masu shirya gasar, a 2022 kuma FIFA ta dakatar da Rasha cikin ƴan kwanaki da fara yaƙin Yukiren. Sanin haka ba ya cire wa ɗanku tara.

Drogba ne ya tsayar da yaƙin Kodebuwa?

A'a. Ya durƙusa da abokan wasansa a Sudan a 2005 ya roƙi a ajiye makamai, aka kuma kai wasan ƙasar Bouaké, cibiyar ƴan tawaye, a 2007. Ya taimaka, amma bayan zaɓen 2010 an sake zubar da jini.

Ɗan kokowa ya karɓi kyautar ɗan siyasa, laifi ne?

Kyauta a filin kokowa al'ada ce, a bainar jama'a ake yin ta, maroƙi yana faɗin sunan mai bayarwa. Wadda ake kai wa ɗan kokowa masauki da dare kafin karawa, ita ce abin tambaya, kuma mai karɓa ya fi kowa sanin me ake so da shi.

Rage wa yaro shekaru a takarda fa, tunda kowa na yi?

Abin mamaki, masu yi mini wannan tambayar su ne suka fi zafi a kan rigar caca. Ƙarya ce, kuma ƙwace gurbin wani yaro ne da shekarunsa ke daidai. Tun 2009 FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu domin tantance shekaru a gasar ƴan ƙasa da shekara 17, kuma an sha mayar da yara gida ana gab da fara gasa. Ku bar takardar haihuwa yadda take.