Ma'anar "mai ɗaukar kaya masu nauyi" a bakin matuƙan jirgi mai saukar ungulu

Da zarar an yi ambaliya, ko girgizar ƙasa, ko wuta ta kama daji a wata ƙasa, sai ka ji gidajen rediyo suna ta nanata cewa an tura "jirage masu saukar ungulu masu ɗaukar kaya masu nauyi". 'Yan siyasa ma sun ƙware da faɗinta, musamman idan gwamnatinsu ta sayo sababbin jirage. Duk jirgin da aka ga ya ɗan yi ƙiba a hoto sai a liƙa masa wannan suna. Masu sana'ar kuwa ajin jirage ƙalilan suke nufi: Mi-26 na Rasha mai ɗaukar tan 20, da CH-53 da Chinook na Amurka, da Skycrane na kamfanin Sikorsky, da 'yan kaɗan makamantansu. Wannan gyara ne mai sauƙi. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake karanta lambar nan, "tan 20", kamar lodin tirela, wanda yadda aka rubuta shi a jikin mota haka yake ko da rana ko da dare.

Ina ganin sunan da muka ba jirgin yana da hannu a wannan ruɗani. Wanda ya fara cewa "mai saukar ungulu" mutum ne mai lura. Ya ga tsuntsuwar ta buɗe fikafikai, ta zuro ƙafafu, ta dira a ɗan wuri ba tare da dogon fili ba, sai ya ce ga kamanninsu. Ta fuskar sauka ya yi daidai. Amma wajen tashi da zama a sama, ungulu da jirgin nan hannun riga ne. Ungulu zafi take jira. Sai hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗau ɗumi, iska mai zafi ta fara hawa, sannan ta hau kanta ta yi ta kewayawa ba ko kaɗa fiffike. Shi kuwa jirgin, zafi ne babban abokin gabarsa. Iska idan ta yi zafi kaurinta yana raguwa, haka ma idan aka hau kan tsauni, sai farfela ta rasa abin da za ta danna ƙasa, injin kuma ya rasa isasshiyar iskar da zai ƙona mai da ita. Shi ya sa matuƙan wannan aiki suke son ɗaga kaya mafi nauyi da sanyin safiya, daidai lokacin da ungulu ke zaune a reshe tana jiran rana. Sannan ungulu ba ta tsayawa cak a wuri ɗaya a sama, kewaye take yi. Kalmar "shawagi" da ake amfani da ita a labarai ta dace da ita. Aikin ɗaga kaya kuwa kusan dukansa a tsaye cak ake yin sa, kuma nan ne injin ya fi shan wahala.

Abin da ya faru a Afganistan a 2002 ya isa misali. Wani Chinook na sojan Amurka ya lalace a kan dutse, a tsayin kusan mita 2,600 daga matakin teku. Aka zuƙe mansa, aka cire farfelunsa da duk abin da za a iya cirewa, ya rage kimanin tan 12. Amurka tana da CH-53E, wanda a takarda yake ɗaukar fiye da tan 14. Mai sauraron rediyo zai ce ai magana ta ƙare, 12 bai kai 14 ba. Amma a wancan tsayin abin da jirgin zai iya ɗagawa bai wuce tan 9 da 'yan kai ba. Dole aka yi hayar Mi-26 na farar hula, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ya zo ya rataye Chinook ɗin a ƙugiya ya sauko da shi. CH-53E ɗin bai canza ba, injunansa ma haka, amma tsayin dutse ya cinye kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa. Saboda haka kafin kowane tashi matuƙi sai ya zauna ya yi lissafi: tsayin wurin, zafin wannan sa'ar, inda iska take kaɗawa, da yawan man da ke tanki, don man ma nauyi ne, kuma kowace lita da aka ƙara ragi ce a kan kayan.

Wani abin da kalmar "ɗauka" take ɓoyewa shi ne cewa yawancin kayan nan ba sa shiga cikin jirgin. Rataye su ake yi a ƙasansa da igiyar ƙarfe ko ta roba mai ƙarfi, wani lokaci tsawonta mita 30 ko ma fiye. Duk wanda ya taɓa jan guga cike da ruwa ya san halin abu mai nauyi a ƙarshen igiya: da ya fara lilo, sai ya nemi ya ja mai riƙe da shi. To a ce gugan nan turken wutar lantarki ne ko katafila. Matuƙin ba ya yaƙi da lilon. Bin kayan yake yi, ya matsa da jirgin ya tsaya daidai samansu a lokacin da suka kai ƙarshen lilonsu, sai su lafa. Yana yin haka kansa a sunkuye cikin wata taga mai ƙumburi a gefen jirgin, idonsa a kan ƙugiya can ƙasa, hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki, kowanne da nasa. Kusa da yatsansa akwai maɓallin sakin kaya, domin ranar da injin ya ba da matsala ko lilon ya fi ƙarfinsa, cikin daƙiƙa zai zaɓa tsakanin kayan da rayukan da ke cikin jirgin, yana kuma tunanin mutanen da ke ƙasa.

Su ma na ƙasan ba a cika ambatonsu ba, kuma hakan yana damuna. Mutum ne tsaye ƙarƙashin jirgi mai nauyin tan da yawa, guguwar farfela tana neman kayar da shi, ƙura da tsakuwa suna dukan fuskarsa. Jikin jirgin yana tara lantarki a sama, don haka kafin kowa ya taɓa ƙugiyar sai an fara taɓa ta da sanda mai waya da aka soke a ƙasa, in ba haka ba tana iya jefar da mutum.

Skycrane ne ya fi fito da ma'anar kalmar fili. Kusan ba shi da ciki, ƙashin baya ne kawai da dogayen ƙafafu da injuna biyu, kuma yana da wata kujera ta musamman mai kallon baya, inda wani matuƙin yake zama ya karɓi tuƙin a lokacin ajiye kaya, don shi ne yake ganin su sosai. Da irinsa aka ɗora ƙarafan eriyar hasumiyar CN ta birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1975, gunduwa bayan gunduwa, ma'aikata suna maƙale a can ƙololuwa suna jiran ramukan ƙusa su yi daidai da juna. Da irinsa kuma aka sauko da gunkin da ke saman kubbar majalisar dokokin Amurka a 1993 don a gyara shi, aka mayar da shi mazauninsa a wannan shekarar. A duka ayyukan biyu ƙafar jirgin ba ta taɓa wurin da ya kai kayan ba.